Kogin Da Na Yi Wa Fulako

Na daɗe da sanin abin da kuke faɗa a kan Baffanku Isuhu idan kun ga ba na kusa. Nafisa tana cewa ƙwace ya yi min. Sadik kuwa, da yake shi ba ya son rigima, cewa yake ƙila dai Baffa ya fi Abba iya aikin ne, a haƙura. Dukanku kun yi kuskure, kuma kuskuren Sadik ya fi yi min ciwo. Tun da yanzu na ajiye aiki, ba abin da ya rage min sai shan magani da jiran lokacin salla, bari in ba ku labarin shekarar nan yadda ta faru, don kada in mutu ku ci gaba da gaishe da mutumin nan da rabin baki, ko ku riƙa tausaya min a kan abin da ba haka yake ba. Ba tuba na zo yi ba, ku sani. Abin da na ji a shekarar nan sunansa kishi, har yau ina jin sa, kuma ba zan sake masa suna don ya yi daɗin ji ba.

Ba ku taɓa fahimtar aikina sosai ba. Kuna ƙanana idan aka tambaye ku a makaranta, sai ku ce babanku yana wasa da ruwa a kwamfuta. To ga wasan. Can kudancin ƙasar nan ta Amurka akwai wani babban kogi da yake faɗawa teku. A da, duk shekara idan ya cika sai ya tumbatsa, ya baza laka da yashi a fadamun bakin teku, kamar yadda na tashi na ga kogin Haɗeja yana yi wa fadamarmu. Wannan lakar ita ce take ƙara wa ƙasa tudu. Da mutane suka gaji da ambaliya sai suka yi wa kogin ganuwa hagu da dama, ya koma yana kwasar lakarsa gaba ɗaya yana kai ta can tsakiyar teku, inda ba ta amfanar kowa. Fadamar da aka yanke wa abinci ta shiga nutsewa, teku yana gutsurarta kaɗan-kaɗan, da ciyawarta da hanyoyinta har da maƙabartun mutane. Sai masana suka ce a huda ganuwar a wani wuri, a sa mata ƙofa, a riƙa buɗewa lokacin da ruwa ya yi jawur da laka, ya fita ya gina ƙasa kamar da. Magana ce mai daɗi, amma ba hukumar da za ta yarda ka huda ganuwar kogi irin wannan a kan "ina jin zai yi". Sai an gwada, kuma ba a gwaji da kogin gaske.

Nan ne inda irina suke shigowa. A kamfanin da na yi aiki a Manhattan, ni aka ba ginin kogin a cikin kwamfuta. Ka raba kogin da fadamar gida-gida kamar saƙar raga, kowane gida ka gaya masa zurfinsa da irin ƙasarsa da ciyawar da ke kansa. Sannan ka sako ruwan kogi ta sama, ka sako igiyar teku ta ƙasa, ka bar lissafi ya yi ta tafiya. Ka je gida, ka dawo, ka sake komawa, bayan kwanaki ka tarar shekaru masu yawa sun shuɗe a kan allo, ka ga ko tudu ya fito a bakin ƙofar ko bai fito ba. Da fari abin haukata ni ya kusa yi. Ruwa ya riƙa hawa tudu da kansa, yashi ya ɓace ba a san inda ya shiga ba, wani lokaci teku ya ƙafe ƙaf. Na yi ta gyara, ina gwada abin da ya ba ni da awon da masu jiragen ruwa suke aiko mana daga can, har ya fara faɗin gaskiya. Furfurata ta farko a kansa ta fito. Ban taɓa taka wurin da ƙafata ba, amma na san kowace kwanarsa, na san inda yashi yake kwanciya da inda laka take wucewa. A ofis suna da sunan da suke kiransa, ni kuwa kogina nake ce masa, har mamanku ta kama, idan na dawo a gajiye sai ta ce, yaya kogin naka, ya ci abinci kuwa?

Isuhu a masallacinmu na nan Bronx na tsince shi. Ya zo daga Maraɗi da ilimin ruwa cike da kansa, da Faransanci ya yi karatunsa, amma yana tsaye a bakin titi yana taya kawunsa sayar da huluna da tabarau. Muna hira bayan sallar Juma'a na ambaci yashi, sai ya ɗauko min wani lissafi da ka, a tsaye, takalminsa ɗaya a hannu. Ni na kai shi wurin aikinmu, ni na tsaya masa. Kafin ya yi aure ya koma unguwar Stapleton, can tsallaken ruwa, a falonmu na Concourse Village yake cin tuwon dare kusan kullum, ni kuma na ce ku riƙa kiransa Baffa. Yaro ne mai kai, ba zan hana shi wannan ba ko da ina fushi. Ga shi da baki. Turancinsa da ƙanshin Faransanci yake fita, Amurkawa kuwa suna mutuwar son wannan. Idan ya yi bayanin abin da na kwana biyu ina gini, sai su yi ta gyaɗa kai kamar yau suka fara jin sa. A lokacin daɗi nake ji, ina cewa ai ƙanena ne.

Sai shekarar da aikin ya tashi daga gwaji ya zama na gaske. Hukumar can kudu ta ce tana son a yi amfani da koginmu a yanke shawarar inda za a sa ƙofar da yadda za a riƙa buɗe ta. Ana buƙatar mutum ɗaya da zai jagoranta, ya riƙa zuwa can, ya tsaya gaban manya da gaban mutanen gari, sunansa ya hau kan aikin. Shugabar sashenmu, wata Ba'amurkiya da muke kira Madam, mace mai kirki wadda ba ta da kwana-kwana, ta tara mu da hantsi a ɗakin taro. Ta juyo ta dube ni a gaban kowa.

"Habu, kai ka gina shi. Za ka jagoranci aikin?"

Wallahi zuciyata ta amsa tun kafin ta rufe baki. Na jima ina jiran tambayar nan, har kwat ɗin da zan sa ranar farko na zaɓa a raina. Amma ku da aka haifa a nan ba ku san gidan da na fito ba. A gidanmu idan ka iso da yunwa kamar ta kashe ka, aka ce maka bismilla, cewa kake alhamdulillahi, a ƙoshe nake. Mai gida ya ce haba, ka ce wallahi yanzu na ci. Sai ya ɓata rai, ya rantse, ya tura maka kwanon, sannan ka wanke hannu kamar dole aka yi maka. Wannan shi ne fulako. Ba ƙarya ba ce, kowa ya san abin da kowa yake nufi. Kai ka nuna ba ka da zalama, shi ya nuna da gaske yake, kowa ya tashi da mutuncinsa. Wanda ya cafke tayin farko kuwa, har ya tsufa ana ba da labarinsa. Da wannan aka yaye ni, kuma shi ya riga ni buɗe baki.

"Ai Madam, akwai waɗanda suka fi ni," na ce da ita. "Ga yara masu jini a jika, irin su Isuhu."

Na gyara zama ina jiran ta ɓata rai.

"Ka tabbata?" in ji ta.

Wannan a wurina ba matsawa ba ce, sharar fage ce. Na yi murmushi na sunkuyar da kai.

"Duk yadda kika gani, Madam."

Ta ce to. Haka kawai, to. Ta juya wurin Isuhu ta yi masa tambayar da ta yi min. A duk ɗakin nan mutum ɗaya ne ya san abin da na yi, ya san ma'anar sunkuyar da kaina kamar yadda ya san sunansa. Ya dube ni, na ga ya dube ni ta gefen ido. Ni kuwa na kafe idona a kan tebur, don ba zan roƙi ƙanena da ido a gaban mutane ba. Sai na ji muryarsa ta ce ya karɓa, ya gode. Aka tafa masa, har da ni, hannuwana suna yi kamar ba nawa ba.

Da na dawo gida mamanku tana yanka alayyafo a kicin. Na ba ta labari ina jiran ta taya ni zagin Isuhu. Ta ajiye wuƙa ta dube ni tun daga hula har takalmi.

"Fulako? A Manhattan? Injiniya, wa ya gaya maka Bature yana tayi sau biyu? Mutanen da ko shayi suka ce kana sha ka ce a'a, shanyewa suke a gabanka?"

"Ai ba ita nake jin haushi ba. Shi ya sani."

"Ya sani mana. Kai ma ka sani. Gobe ka je ofis ɗinta ka ce sori, jiya bakina ne ya zame, aikina nake so."

Na yi niyya, Allah ne shaidata. Washegari na nufi ofishin Madam na shirya maganata tsaf. Kafin in kai ƙofa sai ga ta ta fito tare da manyan kamfani, ta riƙe hannuna, ta ce da su ga mutumin da take ba su labari, wanda ya gina abu da hannunsa sannan ya matsa gefe don na baya ya tashi. Ta ce a duk shekarunta na aiki ba ta taɓa ganin girma irin wannan ba, har idonta ya kawo ruwa. Suka yi ta girgiza min hannu. To ku gaya min, da wane bakin zan ce a dawo min da abina? Aka ɗaure ni da yabo tamau, na koma kujerata na zauna.

Daga nan ne shekarar ta fara, kuma ban ji daɗin ko wata guda a cikinta ba. Ina zaune a kujerar da na saba, ina aikin da na saba, sai dai yanzu Isuhu ne yake cewa a gwada kaza, a buɗe ƙofar da wuri, a rage mata faɗi. Da ladabi yake faɗa, yana Yaya kaza Yaya kaza, ladabin nan kuwa ya fi zagi ƙona min rai. Ya sauya launin taswirorina. Ni ruwan ƙasa nake sa wa laka, don launinta ke nan tun da Allah ya halicce ta, shi kuwa ya mayar da sabon tudu kore shar, wai manya sun fi gane kore. Suka kuwa gane, abin da ya ƙara ba ni haushi ke nan. Idan ya je kudu sai ya turo hotuna, ga shi a jirgin ruwa da dogon takalmin roba, ga shi ya nutse a taɓo har gwiwa yana dariya, a daidai kwanar da na yi wata da watanni ina fama da ita a kan allo. Na riƙa buɗe hotunan ina ƙara musu girma, ba don in gan shi ba, don in ga ruwan da ke bayansa. Wata rana na ji shi a waya yana cewa "kogina", da Hausa, da kalmar da a gidana ya koye ta. Ranar ban iya cin abincin rana ba.

Kun tuna mun daina hawa jirgin ruwa zuwa Stapleton ran Lahadi. Nafisa ta tambaye ni dalili, na ce sanyi, ta amsa min da Turanci cewa ai bazara ce. A masallaci idan na hango shi a sahun dama sai in yi hagu. Ya kawo mana tsarabar yaji irin na mutanen kudu, mamanku ta yi miya da shi, na ce cikina ba ya so, alhali ƙanshin ya cika gidan har yawuna yana tsinkewa. Da matarsa ta haihu ya sa wa yaron sunana, Abubakar. Na je suna, na ɗauki takwarana, na yi masa addu'a da zuciya ɗaya, don shi bai yi min komai ba. Amma a jirgin dawowa na ce da mamanku toshiyar baki ce. Ta ce in ji tsoron Allah, na ce ina ji, shi ya sa a kunnenta kaɗai na faɗa.

Abu ɗaya ya rage a hannuna, kuma na san da shi. Yashi ba shi da wuya, nauyi gare shi, yana fita ƙofa yake kwanciya. Laka mai laushi ita ce shu'uma. A ruwan daɗi tana iya tafiya mai nisa ba ta zauna ba, amma da ta haɗu da ruwan gishiri sai ta dunƙule, ta yi nauyi, ta faɗi. Yawancin ƙasar da ake fatan samu daga wannan lakar za ta fito. Yadda na koya wa kwamfuta wannan hali nata, da dalilin da ya sa na saita kowane abu yadda na saita shi, ba wanda ya sani sai ni, don a shekarun da na yi ina fama ba wanda ya damu ya tambaya. Ana nan sai masanan da hukuma ta ɗauka su binciki aikinmu suka tsaya a daidai wurin nan. Suka ce tudun da koginmu yake nunawa ya yi saurin fitowa, a yi musu bayani, in ba haka ba su ajiye shi su nemi na wasu. Isuhu ya yi iya yinsa, bakin nan nasa bai fisshe shi ba. Ina kallonsa yana ramewa, kuma ba zan ɓoye muku ba, ban ji tausayinsa ba.

Wata Lahadi bayan azahar aka ƙwanƙwasa ƙofa, sai ga shi shi kaɗai. Ya durƙusa ya gaishe ni kamar yadda ya saba. Mamanku ta kawo shinkafa da wake ta ce bismilla, kafin ta rufe baki ya ja faranti. Na ce a raina, ka ga halin dai. Sai da ya ci rabi sannan ya ɗago.

"Yaya, lakar ga ta kashe ni. In ba ka taimaka ba, mutanen ga za su yar da aikin."

"Aikin wa?"

Ya ajiye cokali.

"Bon," in ji shi da Faransancinsa, wato to. "Na san abin da ke ranka. Hwaɗi mini shi yau, mu huta."

"Ka san abin da na yi ran nan ko ba ka sani ba?"

"Na sani."

"Ka san so nake?"

"Na sani sarai."

"To me ya hana ka ka ce, Madam, sake tambayarsa? Kalma nawa ce? Ni da na ɗauko ka daga bakin titi?"

Mamanku ta yi gyaran murya daga kicin, ta san na yi gori, kuma ba halina ba ne. Isuhu bai ɗaga murya ba.

"Yaya, na dube ka, ka ƙi duba na. Da ka ɗaga ido ko sau guda, wallahi da na ce a'a. Amma kai kana kallon tebur, ni ina kallon Madam. Idonta ya riga ya tahi wajen Baturen ga da ke kusa da taga, wanda tun bara shina cewa a yar da naka a sayo na wani kamfani. In na yi hulako ni ma, mi kake tsammani? Mu biyu mu tashi da mutunci, kogi ya tahi hannun wanda ba ya son shi."

"Wato taimakona ka yi."

"A'a. Ina so, ba ni yi maka ƙarya. Na so shi ƙwarai, kuma na ji daɗi da anka ba ni. Amma abin da na hwaɗa maka shi ma gaskiya ne."

Da ya ce don ni ya yi, da na kore shi. Wannan "ina so" da ya faɗa a fili, abin da ni na kasa faɗa, ita ta rufe min baki, kuma ita ma na yi masa kishinta. Ya tafi ban ba shi amsa ba. Mamanku ta zo kwashe kwanuka, ba ta yi min wa'azi ba, abin da ta ce kawai shi ne, idan suka ce kogin ƙarya yake yi, kogin wa za su ce? Na ce na Isuhu mana, ai sunansa ne a kai. Ta ce to shi ke nan, sai in kwantar da hankalina. Ta san ba zan iya ba.

Na san abin da zan rasa. Muddin lakar nan tana cikin kaina ni kaɗai, dole a zo wurina, dole Isuhu ya ƙwanƙwasa ƙofata. Ranar da na juye masa ita, na zama ma'aikaci kamar kowa. Amma in zauna ina ji wasu su ce abin da na gina maƙaryaci ne, alhali na san gaskiya yake faɗa, wannan ya fi ƙarfina. Kada ku ce kirki ne, ba don Isuhu na yi ba. Ran Litinin na ja kujerata zuwa teburinsa, muka fara. Makonni muka yi. Na nuna masa duk inda na taɓa faɗuwa da yadda na tashi, muka sake sakin ruwan a kan awon shekarun baya, lakar ta zauna inda ta zauna a duniyar gaske. Ban rage ko ƙwaya ba. Ya kai wa masanan, suka gamsu, suka yaba masa. Ya ambaci sunana a gabansu, an gaya min, kuma na tabbata kafin su kai ga motocinsu sun manta. Bayan nan ba wanda ya sake buƙatar tambayata wani abu a kan kogin.

Ko an huda ganuwar ko ba a huda ba, wannan maganar hukuma ce, ta yi ta jan ƙafa har na bar aiki, ba kuma ita ce ta dame ni ba. Abin da nake so ku sani ya faru ne a ƙarshen shekarar, ranar da aka tara mutanen bakin tekun don a nuna musu abin da ake shirin yi. Mu a Manhattan muka taru a ɗakin taro da la'asar muna kallo a allo. Zaure ne cike da masunta, fuskokinsu duk rana ta dafa. Isuhu ya tashi da kwat ɗinsa ya nuna taswira, shekaru suna wucewa, kore yana yaɗuwa a bakin ƙofar. Daga nan ya nuna ta biyu, wadda ba mai son nunawa, ta inda ruwan daɗi zai malala idan an buɗe ƙofa. Mutanen nan da yawansu kawa suke kiwo, wani abin ruwa mai ɓawo da ba ya rayuwa sai a ruwa mai ɗan gishiri. Ruwan daɗi idan ya daɗe a kanta kashe ta yake. Na san wannan taswirar, ni na fara fitar da ita, na kuma daɗe ina kallonta ni kaɗai kafin in nuna wa kowa.

Wani tsoho ya miƙe daga tsakiyar zauren, hularsa a hannu. Ya taka har gaban allo ya ɗora yatsa a kan wani lungu. Ya ce nan kakansa ya yi kiwo, nan ubansa, nan shi da 'ya'yansa. Ya juyo wurin Isuhu.

"Ba hukuma nake tambaya ba. Wannan abin da ya ce ruwana zai mutu, wani ne ya zauna ya yi shi. Wane ne?"

Isuhu ya dube shi.

"Ni ne," in ji shi.

Tsohon ya sa ya maimaita sunansa, ya sa ya sake maimaitawa a hankali har ya iya faɗa daidai. Sannan ya nuna shi da yatsa. Ya ce kai da ba ka taɓa kwana a kan ruwan nan ba, ka zauna a ɗaki mai sanyi ka kashe mana shi da lissafi. Ya ce zai koya wa jikokinsa sunan nan, duk ranar da suka ɗago kawa suka tarar da ita a mace, shi za su kira. Ya faɗi wasu maganganun da ba zan rubuta muku ba. Zauren ya ɗauki ihu, Isuhu yana tsaye bai motsa ba.

A ɗakinmu wata ma'aikaciya ta rufe baki da hannu tana cewa kaico Isuhu. Madam ta matso ta dafa kafaɗata, ta ce da ni a hankali, Habu, ashe kai ka san abin da ka guje wa. Sai a lokacin na lura a tsaye nake, ban san sanda na tashi ba. Ta ɗauka tausayi ne ya tashe ni.

Ba tausayi ba ne. A duk shekarun da na yi a kan kogin nan, ba a taɓa samun wanda ya ɗauke shi da gaske kamar tsohon nan ba. Manya sun yaba, masana sun gamsu, amma shi kaɗai ne ya yarda da abin da ya gani har ya tsine wa wanda ya yi shi. Lungun da ya ɗora wa yatsa na san shi, na san zurfinsa, ni na sako masa ruwan daɗi na zauna ina kallon gishirinsa yana ƙarewa. Idan akwai alhaki, a wuyana yake. Tafin da aka yi wa Isuhu na haɗiye, hotunan na haɗiye, har yabon masanan na haɗiye. Amma zagin nan nawa ne, ni na yi aikinsa, kuma ina tsaye a Manhattan ina kallo aka miƙa wa wani. Tsohon nan ya koma gida da sunan Isuhu a bakinsa, ni kuwa bai ma san an haife ni ba.